Ajiyar Baba Mai Hoto

"Ke ce mai gardamar nan ko? Shigo, 'yata, ya bar miki ajiya." Haka Mama, matarka, ta tare ni a ƙofar shagonka, kwana uku da rasuwarka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wata, Mai abu Ya karɓi abinSa, Baba Mai Hoto.

An haife ni da tsagaggen leɓe da ganɗa. Sau uku likitoci suka yi ɗinki, kuma kowa ya yaba, musamman waɗanda ba a fuskarsu aka yi ba. "Ai ba a ma ganewa," in ji su, idonsu a kan bakina. Mahaifiyata, don tausayi, ta ƙone duk hotunana na goyo. Na tashi ina tsoron fuskar da ban taɓa gani ba.

Duk hoton makaranta kai ka ɗauke ni, a kujerar ƙarfen nan mai girgiɗi, gaban shuɗin labule. Da na zauna sai in karkatar da kai, ka ce, "Yarinya, hoton kunne aka aiko ki?" Da na gama jami'a na zo ina iyayi, na ce ka goge tabon a kwamfuta. Ka ce ƙuraje kake gogewa don baƙi ne, ba ka korar ɗan gida. Na yi fushi na tafi wani shagon. Suka ba ni hoton wata kyakkyawar mace da ban sani ba. Na dawo, sai kawai ka ce, "Ɗago haɓa."

Ajiyar ambulan ce. A ciki hotona ne da ka ɗauka, wanda asibiti suka nema kafin aikin farko: jaririya, leɓe a tsage har hanci, tana ƙyalƙyala dariya, don ba wanda ya gaya mata komai tukuna. A baya ka rubuta, "A ba ta ranar da ta tambaya." Shekara talatin ban tambaya ba, kai ma ba ka tilasta ba. Na daɗe ina kallonta. Idanun nawa ne, har da rainin.

Na gode, Baba. Allah Ya jiƙan ka, Ya shafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Mama da yara, Allah Ya ba ku haƙurin rashi.

Mama ta ce, "In sa miki a leda?" Na ce a'a. Ta ja ƙofar shagon ta rufe, na hau titi da hoton a hannu, fuskarsa a waje.