Situdiyon Kiret ɗin Ƙwai

Na daɗe ina kaɗa wa kawuna kalangu a bukukuwan Zurmi, ba a taɓa yi mana dariya ba sai da mijin 'yarsa ya sayi tsohuwar kwamfuta. Mutumin tela ne a Ƙaura, ko amshi bai iya ba. Amma da ya ji za mu tafi Gusau ɗaukar waƙar wani ango ɗan Shinkafi, sai ya durƙusa gaban kawu.

"Baba, mi za ku nema Gusau? Situdiyo na nan gidana."

Kawu ya ji kunyar suruki, muka tafi.

Situdiyon ɗakin ajiyar dawa ne. Ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, wasu da kashin kaji a jiki, ya toshe taga da katifa, ya sa wa makirfo safa. Ya kashe fanka, wai tana ƙara, alhali janaretonsa na ruri a bakin ƙofa. Sau uku kawu yana kaiwa tsakiyar kirarin ango injin niƙan maƙwabta na tashi. A na huɗu telan ya cire abin kunnensa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban danna maɓallin ɗauka ba." Gumi ya jiƙa fatar kalanguna har ta saki.

Telan ya ce zai gyara komai, mu haɗu a Shinkafi.

Ranar biki aka kunna a lasifika. Ashe telan ya cire kiɗana gaba ɗaya, ya sa na inji. Muryar kawu kuwa, wadda ake ji daga bayan gari, ya matse ta ta koma siririya tana rawa kamar kukan sauro. A ƙarƙashinta injin niƙa na nan yana aikinsa. Wata gwaggon ango ta ce, "Wace yarinya ce wagga?" Mata suka fashe da dariya. Telan kuwa yana tsaye kusa da lasifika yana gyaɗa kai, yana jiran yabo.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗauko kalangu." Muka yi waƙar da baki, aka yi rawa har la'asar.

Amma masu cajin waya sun riga sun kwafe ta, har Jangeru an ji. Kawu bai taɓa yi wa surukinsa maganar ba. Ni kam na daina kai masa ko facin wando.