Gudumar Ilarie

Ilarie Cozmiuc ya tsufa yana riƙe wa wasu gwangwanin fentin sa wa itatuwan da za a sare alama a dazukan Bukovina. Ya iya aikin, amma buga wa itace hatimin sara sai mai lasisi, mai gudumar da aka zana lambarsa a kanta. Lasisi kuwa sai da takardar jami'a, sannan mutum ya yi shekara biyu a ƙarƙashin wani mai lasisin. Shi dai burinsa ɗaya ne: kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ya ga lambarsa a gindin itace.

Da furfurarsa ya koma aji. Ranar da ya faɗa wa matarsa Domnica, ta yi ta dariya har tuwon masara ya kama a tukunya. Lissafi ya ba shi kashi, shi kuwa taurin kai ne da shi kamar na jaki, sai da ya karɓo takardar nan.

Aka duba yankin kaf, mai lasisin da zai yi aiki a ƙarƙashinsa mutum ɗaya ce, 'yarsa Sanziana, wadda shi ya fara ɗauko ta a wuya ya shigo da ita dajin.

"Baba, ka makara," in ji ta tun safiyar farko.

"Ni da na koya miki ɗaure takalmi?"

"A gida ke nan. Nan Injiniya ake cewa."

"To, ranki ya daɗe Injiniya, uwarki ce ta ɓoye min safa."

Ba ta raga masa ko kaɗan ba. Kullum yana kai ƙararta wurin masu sara, wai ya haifa wa kansa bala'i, amma duk wanda ya ji ya san alfahari yake yi.

Ranar da gudumarsa ta iso, Sanziana ta kai shi gangaren da ya dasa itatuwa a shekarar haihuwarta. Itatuwan sun cushe, dole a rage. Ilarie ya ji tausayinsu ya kama shi.

"Waɗannan fa sa'anninki ne."

"Na sani. Zaɓi miƙaƙƙe, Baba, mafi kyau."

"Shekara biyu kina cewa in bar masu kyau, yau kuma?"

"Wannan na saye shi. Ko da ruɓaɓɓen katako kake so a yi gadon jariri?"

Sai a lokacin ya lura rigar sanyinta ta daina rufuwa saboda juna biyu. Daɗi ya kashe shi, yana dariya hawaye na zuba, ya ɗaga guduma ya buga. Da suka sunkuya su duba, ashe lambar kai a ƙasa ta fito.

Sanziana ta ce ya sake bugawa. Ilarie ya ce ko za a ƙwace lasisin ba zai sake ba. Har yau kututturen na nan, kuma can yake fara kai jikarsa duk ranar da ya ɗauko ta a wuya.