Tagwayen da Aka Ɗaure a Taɓarya

Kafin Idi ya zo gidanmu a Kore Mairuwa, ni ne mijin Kaka. Haka take kirana, irin wasan nan na kaka da jika, kuma na ɗauki abin da gaske. In an gama tuwo, sanyi ya fara shiga, sai ta sa a tara karan hatsi a ƙofar ɗakinta a hura wuta. Yara su zagaye, ni kuwa wurina daban, jikin gwiwarta ta dama. Gujiyar farko da ta gasu a toka hannuna take zuwa.

Sai Gwaggo ta kawo ɗanta Idi daga Dumega, shekarar da ubansa ya tafi cirani. Wani siririn yaro ne mai kunnuwa, bai cika magana ba. Kaka ta dube shi ta ce, "Kai, ga saurayi! Mamman, ka yi hankali, in ka yi wasa na sake miji." Kowa ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

A ranar ta ba mu labarin tagwayen nan. Wai wata doguwa ce, aljana, suka ɓata wa rai, ta ɗaure su a taɓarya, ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan, ta ajiye su gicciye a wani fako mai santsi. A fakon nan iska ɗaya ce ke kaɗawa daga gabas, ƙarfinta ɗaya ko'ina, ba inda ta fi wani wuri. Hasan mai biyayya ne, inda iska ta nufa nan yake bi. Husaini kuwa ɗan gardama ne tun daga ciki, in iska ta yi yamma shi gabas take jansa. Kuma ƙarfinsu ɗaya, ba wanda ya fi wani.

Kaka ta tsaya, ta tura kara cikin wuta. "To, ku gaya mini, ina uwassu za ta iske su da safe? Mijina, hwara."

Na ce da ƙarfi, "Yamma mana! Can wajen Dosso iska za ta kai su."

"Kai kuma, baƙo?"

Idi ya sunkuya. Ya ɗauki guntun kara ya ajiye a ƙasa, ya tura wannan baki da yatsa, ya ja wancan baya. Karan ya juya a inda yake. Ya ce a hankali, "Ba inda za su, Kaka. Juyawa za su yi har taɓaryar ta miƙe da iska, su tsaya."

Kaka ta tafa hannu, ta yi guɗa kamar an kawo amarya. Ta ce haka uwar ta iske su, a wurin da aka bar su, Hasan na ja yamma, Husaini na ja gabas, ba su rabu ba, ba su tafi ba. Sannan ta tone toka, ta hura gujiyar farko, ta miƙa ta bisa kaina zuwa hannun Idi. "Matsa mashi, Mamman, na yi sabon ango." Wallahi har yau ina jin zafin nan a ƙirjina. Na matsa, amma ban ci gujiya ba ranar, kuma wurin bai sake dawo mini ni kaɗai ba har Allah ya ɗauke ta.

Yanzu fizik nake koyarwa a lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi. Kowace shekara sai na zo kan darasin dipol: caji biyu masu girma ɗaya, ɗaya mai alamar ƙari, ɗaya mai alamar ragi, haɗe da juna. In ka sa su a filin lantarki mai ƙarfi ɗaya ko'ina, filin zai tura ɗaya gaba, ya ja ɗaya baya daidai wa daida. Don haka ba sa gusawa, juyawa suke yi su daidaita da filin. Ina zana shi a allo, ɗalibai na kwafa, ni kuwa kunnuwan Idi nake gani. Na sha gaya wa kaina cewa son Kaka ma ɗaya ne a kanmu duka, abin da kowa ya ɗauko a zuciyarsa ne ya sa wani ya ji ana jansa, wani ya ji ana ture shi. Kaina ya yarda. Zuciyata ta ƙi.

Hutun da ya wuce na kai iyalina gida. Idi yanzu direba ne, yana jigila tsakanin Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, ya yi tumbi, ya koyi surutu. Bayan magariba na fito na tarar ya tara yara yana ba su labarin tagwayen, har da yadda Kaka ke jan murya. 'Yata Zainabu ta ɗago ta gan ni.

"Baba, ashe ka san wannan labarin? Me ya sa ba ka taɓa ba mu ba?"

Na buɗe baki, amma ba ta jira amsa ba. Ta riga ta juya wajensa tana cewa, "Ci gaba, Baba Idi."