Gurbin da Malam Harisu Ya Bar Mini

Ranar Talata, 11 ga Nuwamba, 2025, ina tankaɗe a tsakar gida Baba ya shigo yana salati, ya ce Allah ya karɓi ran Malam Harisu, malaminmu na kwamfuta a nan Ƙanƙara, bayan jinyar kwana huɗu. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Na ajiye rariyar na shige ɗaki. Kowa ya ɗauka baƙin ciki ne kaɗai ya hana ni fitowa. Akwai shi, amma akwai kunya, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro yau, ni da ko hannu ban iya ɗagawa a aji.

Malam, mu tara ka haɗa a ɗan shagon nan na bayan kasuwa, kwamfuta uku, sola ɗaya mai yaji idan hadari ya taso. Sau biyu ka tako har ƙofar gidanmu kafin Baba ya yarda in shiga. Ban manta ranar da ruwa ya tsare mu ba, ka ba Fatsuma, 'yar ajinmu, lemarka, ka cusa littattafanmu a cikin rigarka, ka raka mu kana jiƙewa kana dariya.

Kullum kana cewa, "Kwamfuta ba ta san tiya ba, ba ta san buhu ba. Ku za ku koya mata." Kai ka nuna mana yadda mutum yake ƙirƙirar aiki nasa na kansa a yaren kwamfuta na Python, ya raɗa masa suna, duk sanda ya kira sunan kwamfuta ta aikata. Ka ce hatta alamar tarawa ana iya ba ta sabuwar ma'ana.

Burinka shi ne mu haɗa wata 'yar manhaja da za ta fitar wa manoman ƙauyen Yargoje zakkar hatsinsu kafin a gama girbi. Ka raba mana aikin. Nawa shi ne in koya wa alamar tarawa cewa tiya arba'in buhu ne, ta yadda tiya talatin da tiya sha biyar za su ba da buhu ɗaya da tiya biyar. In babu nawa, na sauran ba zai ba da amsa daidai ba.

Ni kuwa hankalina yana kan littattafan soyayya da nake ɓoyewa a ƙarƙashin hijabi. Maimakon buhu, sai na koya wa alamar aurar da mutane. In na rubuta Jabiru a tara da Ummi, taurarin wani labari da nake saƙawa a zuciyata, sai allon ya ce sun yi aure sun tare a gida mai furanni. Ban san kana tsaye a bayana ba.

"Mi ke nan, Shafa'atu?"

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma sai ka rage murya yadda ko Fatsuma ba ta ji ba, ka ce, "Ashe kin fi kowa gane darasin. Wadda ta ɗaura aure da alama ɗaya, tara buhu ba zai gagare ta ba. To, a yi mana namu."

Mako uku kana tambayata. A na ukun na sunkuyar da kai na ce, "Na gama, Malam, yana cikin kwamfutar." Ƙarya nake. Ko layi ɗaya ban rubuta ba. Ka dube ni ka ce, "Madalla." Maganar ƙarshe ke nan tsakanina da kai.

Ranar addu'ar uku, matarka Anti Baraka ta kira ni gefe ta miƙo mini kwamfutarka. Ta ce, "Ya ce a ba ki, wai akwai saƙonki a ciki." Na buɗe. Aikin kowa yana nan a kammale, wurina kaɗai ne fayau. A samansa ka rubuta layi guda, da kwanan watan washegarin ƙaryata: "Wannan gurbin na Shafa'atu ne. Kada kowa ya cike mata. Za ta iya."

Ashe ka duba. Ashe ka sani. Abin da minti biyar ya ishe ka ka rubuta da hannunka, ka bar shi, ka bar burinka yana jiran yarinyar da ta yi maka ƙarya.

Kwana biyu na yi a kai. Da farko kwamfutar ta ce mini tiya arba'in da biyar, na yi kuka, na sake. Jiya Baba ya gwada da masararmu, ta fitar daidai da abin da ya auna da hannunsa. Ƙanenka Almu zai kai manhajar Yargoje ranar Asabar, ko da yake da yawa sun riga sun zuba hatsinsu a rumbu. Wannan jinkirin nawa ne, ba naka ba, ina so kowa ya sani.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini, ya haskaka kabarinka, ya sa duk tiyar da aka fitar ta hanyar aikin nan ta hau mizaninka. Anti Baraka, Almu da dukkan dangi, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ku yafe mini a madadinsa.

Na cike gurbin, Malam. Layinka kuwa ban goge shi ba.