Shekarar da Tattabarun Inna Suka Mutu

Ranar wata Laraba a bazarar 2010 na dawo daga firamare ina sauri in tarar da ragowar fura, sai na iske Jar Wuya kwance a gindin turmi. Ita ce babbar tattabarar mahaifiyata Inna, uwar kusan duk garken gidanmu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Anka da Bukkuyum. Fukafukanta sun saki, wuyanta ya juye baya, in ta yunƙura sai ta zagaye wuri ɗaya ta sake faɗuwa. Da na ɗauke ta ban ji nauyi ba ko kaɗan, ƙashin ƙirjinta har yana sukar tafin hannuna. Na tsoma bakinta a kaskon ruwa, ta ƙi sha. Kafin la'asar ta mutu, mijinta kuwa ya ƙarasa yinin a kan katanga yana ta kiranta.

Ni ce mai hidimar tattabarun nan tun ban iya ɗaura zane ba. A tsofaffin tukwane suke kwana, waɗanda Baba ya jera a ƙarƙashin rumbu. Da safe in watsa musu dawa, in canza ruwa, in share kashinsu in tara wa Baba takin albasa. Akwai farare tas, akwai baƙaƙe masu wuya yana walƙiyar kore, akwai masu roɗi-roɗi, kowacce da sunanta da halinta. Na sha mamakin yadda suke shan ruwa, kaza sai ta ɗaga kai sama, ita kuwa tattabara ta kafa baki ta zuƙa har ta ƙoshi. Ƙwai biyu suke yi, ba ƙari. In rana ta ɗaga namijin ya karɓi kwanci, macen ta fito kiwo, in an ƙyanƙyashe kuma su biyun ke ɗura wa 'yan shila wani abu fari mai kauri daga maƙogwaronsu. Inna takan nuna namijin da muciya ta ce, "Wanga ya fi rabin mazan garin ga sanin ya kamata." Baba ya yi kamar bai ji ba.

Na daji kuwa a gona muka san su, lokacin da gero ya nuna aka tura mu kora. Kurciya ce sarkin naci, ka kore ta nan ta sauka can. Bardo ɗan ƙarami ne mai dogon wutsiya, a kan hanya yake kiwo sai ka kusa taka shi ya tashi. Hasbiya babba ce, idonta zagaye da ja kamar wadda ta sha kuka, a kan giginya take sheƙa. Akwai kuma wata koriya da ba ta sauka ƙasa sam, 'ya'yan ɓaure da gamji kawai take ci, sai ka yi sa'a ka gan ta cikin ganye. Mukan ajiye gwangwanin kora mu zauna muna kwaikwayon kukansu, muna musun abin da kowacce ke cewa, har tsuntsaye su yi wa gero ɓarna mu sha faɗa.

Amma a wurin Inna tattabara ba abin sha'awa ba ce kawai. Abin da ta gada daga iyayenta shi ne, gidan da ke da tattabaru, duk sharrin da aka aiko masa a kansu yake faɗawa, mutanen gida su tsira. Shi ya sa ranar da Jar Wuya ta mutu ina kuka ita tana hamdala. "Bari kuka," in ji ta, "abin da anka aiko muna ne ta ɗauke."

A shekarar nan maza suka raja'a kan dutsen zinari. Baba kan kawo shi cikin buhu daga ramukan daji, mata su daka a tsakar gida, a shanya garin a tabarma. Tattabara dama tana haɗiyar ƙananan tsakuwa don su taya ƙundunta niƙa hatsi, sai ga tsakuwa ta zo musu har gida. Nan suke yini suna tsinta. A wurin nan kuma ƙanwata Dije take rarrafe, tana koyon tsayuwa da jikin turmi, duk abin da ta samu sai baki.

Tattabaru suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, 'yan shila na bushewa a cikin tukwane. Duk wadda ta faɗi, Inna ta yi sadakar gumba, ta ƙara yarda cewa babban abu ne ake tare mana. Da garken ya kusa ƙarewa tsoro ya kama ta kada gida ya zauna ba kariya, ta sa Baba ya sayo wasu daga kasuwar Gummi. Su ma ba su yi nisa ba. A daji kuwa kurciyoyi na nan ƙalau suna kiwonsu, ba wanda ya tambayi kansa me ya sa sai na gida. Da Dije ta fara rama tana ƙin nono, romon 'yan shila aka yi mata, don shi muka sani ana ba marar lafiya ya yi ƙarfi.

Damina ba ta kankama ba Dije ta fara jijjiga, idonta na ƙafewa. A unguwarmu an riga an binne yara sa'anninta. Da likitoci suka shigo ƙauyukanmu aka auna jininta, aka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen. Aka tafi da ita da Inna wurin magani, aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka zuba sabuwa. Wata ma'aikaciya ta tambayi Baba ko kaji ko agwagi sun mutu kafin yara su kwanta. Baba ya juya ya dubi tukwanen da ba sauran tattabara ko ɗaya a ciki. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Dije ta rayu. Yanzu budurwa ce, ta fi ni tsawo, amma maganarta ba ta wuce ta ƙaramin yaro ba, kuma Inna ce ke yi mata wanka. Rashin tsaro ya dawo da mu cikin garin Anka, gonar da muke korar kurciya ba mai iya zuwa, gidan haya kuma ba wurin ajiye tukunya. Nakan yi kewar kukan nan nasu na safiya da ke cika gida kafin kowa ya tashi. Inna tana nan kan bakanta. In tana yi wa Dije kitso takan ce, "Da ba su tare ba, da ɗiyata ma ta tafi." Ban taɓa yi mata musu ba, don na san da wannan take iya barci. Ni dai abin da na sani, tattabarun nan sun gaya mana iyakar iyawarsu, mu kuma muka yi musu godiya muka ci gaba da daka.