Tagar da Bature Ya Hana a Gyara

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da tagar gidanmu na tsohon garin Jidda, da Baturen da ya zo zana ta. Yau ga ni da jikoki, amma har yanzu abin yana faɗo mini.

Ina amarya lokacin, ban daɗe da zuwa daga Sudan ba. Muna haya a saman wani tsohon bene, ni da maigidana da mahaifiyarsa, Inna. Gidan yana da irin tagar nan ta katako mai turowa waje ta kan titi, wadda ake kira roshan. Na ciki yana ganin kowa, na waje ba ya ganinsa. A nan Inna take wuni da carbinta tana shan iskar teku. Tagar ta tsufa ta karkace, katakon da ya tallafe ta ya ruɓe, har maigidana ya yi magana da kafinta.

Ana nan sai ga wani dattijon Baturen Ingila, sana'arsa yawon duniya yana zana tsofaffin gine-gine. Kullum da safe zai kafa kujerarsa a gaban gidanmu, ya ƙura wa tagar ido, ya shafa fenti, ya sake ƙura mata ido. Ranar da kafinta ya jingina tsani, sai Baturen ya miƙe yana ɗaga hannu. Wai karkacewar nan ita ce kyan gidan, a bari ya gama tukuna. Mai gidan hayar, da bakinsa ya ƙi rufuwa don Bature ya zaɓi gidansa, ya kori kafinta.

Maigidana ya ce masa, "Ya ammi, baffana, tsohuwa fa a nan take zama."

Mai gidan hayar ya ce, "Halas, ya isa haka! Tagar da ta girmi ubanka ce za ta faɗi don ta ga Bature? Bukra, in sha Allah."

Bukra, wato gobe da Larabci, goben da ba ta zo ba ke nan. Muka roƙi Inna ta dawo tsakar ɗaki, ta ce, "'Yar nan, so kike zafin garin nan ya dafa ni da raina?" Da na juya baya sai ta lallaɓa ta koma. Har tausayin Baturen take ji. "Bawan Allahn nan rana za ta soye shi. Dafa masa shayi, mijinki ya miƙa masa."

Wata rana bayan azahar, Bature ya naɗe kayansa ya tafi, ina wanke-wanke, na ji wata ƙara kamar gidan ya tsage. Na ruga ɗaki, sai na ga sarari inda taga take. Inna tana ƙasa kan titi cikin katakai, tana salati a hankali. Ƙugunta ya karye. Ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan an dawo da ita daga asibiti, sai ga Baturen da zanensa, wai ya kawo mana kyauta don jaje. Ni da ban taɓa ɗaga wa namiji murya ba, na ja lulluɓina na sauko. Na dubi zanen. Ba abin da ya bari, har tsagar bango da tattabarar da ke kan rufi. Da guntun Turancina na makaranta na tambaye shi me ya sa ya hana gyara.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban san akwai mutum a ciki ba."

Na ce, "Ka tambaya? Shayin da kake sha, wa ka zaci yake aiko maka? Aljanu? Ka ƙirga kowane sassaƙa na katakonmu, amma ba ka taɓa cewa su wa ke kwana a gidan nan ba!"

Daga sama na ji Inna tana cewa, "Ki bar shi haka, 'yar nan, ƙaddara ce." Na yi imani da ƙaddara, amma zanen nan ban karɓa ba. Mai gidan hayar kuwa ko sannu bai hawo ya yi mata ba. Allah Ya yafe mini, na daɗe ban iya amsa sallamarsa ba.

Abin ya koya mini cewa mutum yana iya yaba kayanka har ya kusa hawaye, alhali kai ba ka gabansa. Kuma in rai yana cikin haɗari, ba a jiran izinin mai gidan haya ko jin daɗin baƙo. Shi ya sa yanzu ko ƙusa ce ta fito a gidana, a ranar ake buga ta, duk wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci.