Mun Bar Shi Ya Yi Waƙa Babu Amshi

A lokacin da abin nan ya faru, ni makaɗin jita ne da ya koma sayar da albasa a kasuwar Malanbil. Furfura ta fara leƙowa, amma rawar kai ba ta sake ni ba. Tun bayan samun 'yancin kai muke da ƙungiyar kiɗan zamani, jita da ganguna da ƙaho, kuma daga nan har Gaya ba a biki sai da mu. Jagoranmu, wanda ya koya mini riƙon jita, murya gare shi wadda in ya ɗaga ta masunta kan tsai da kwalekwale. Da soja suka ce kowace waƙa sai ta yabi juyin-juya-hali, ya ce bakinsa bai saba ba. Muka watse, kowa ya kama sana'arsa.

Bayan shekaru, wani ɗan kasuwa da ya yi samartaka da kiɗanmu ya ce zai kai mu Kwatano a ɗauki faifai. Muka kakkaɓe kayan kiɗa da murna, don duk sunan da muka yi, muryar jagoranmu ba ta taɓa shiga na'ura ba, ga shi ƙarfi ya fara ja baya. Mai situdiyon, mutumin kirki ne, ya yi mana bayani da Faransanci cewa ɗaiɗai ake ɗauka: kiɗa tukuna, sannan mawaƙi shi kaɗai a wani ɗan ɗaki bayan gilashi, amshi kuwa sai daga baya. Muka gyaɗa kai kamar mun saba, don kada a ce ƙauyawan arewa sun zo.

Jagora ya shiga, ya ja baiti na farko, ya dakata yana jiran mu karɓa, kamar yadda ya yi duk rayuwarsa. Shiru. Ya sake ja, muryar ta shaƙe. Aka yi ta maimaitawa har mai situdiyo ya ce, cikin ladabi, ƙila tsufa ne. Da jagora ya fito yana zufa, ya ce mini ji yake kamar yana sallama a kango. Na ɗauka borin kunya ne irin na tsofaffi. Ya dafa kafaɗata ya ce in shiga in yi, tunda na san waƙoƙin. Na shiga, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya yi fari.

A hanyar dawowa, bayan mun sauka jirgin ƙasa a Faraku, muka hau bayan kamyo, babbar motar kaya, kan buhuna. Wata mai sayar da busasshen kifi ta gane shi, ta ɗauko amshin wata tsohuwar waƙarmu don tsokana. Fasinjoji suka karɓa da tafi. Sai ga muryar nan ta tashi garau, ba abin da ya ragu a cikinta, har direba ya rage gudu. Na zauna rungume da jita ina hawaye, don a nan na gane ba tsufa ba ne, mu ne muka bar shi shi kaɗai. Na roƙe shi mu koma a sake, mu tsaya a bayansa ko mai situdiyo ya so ko ya ƙi. Ya yi dariya ya ce sai an yanke shinkafa. Kafin a yanke, Allah ya karɓi abinsa.

Faifan ya fito, ya karɓu, har yau nakan ji shi a kaset ɗin masu shaguna. In an yaba mini nakan sunkuyar da kai, don na san muryar da ta kamata a ji. Ina rubuto muku ne don in ja kunnen masu karatu: kada jin kunyar baƙon wuri ya sa ku yar da abin da kuka sani. In naku ya faɗi damuwarsa, ko da a dunƙule ne, ku tsaya ku saurara. Shi ya yi sallama ina tsaye bayan gilashi ina kallonsa, ban amsa ba.